Me ya kai katantanwa cikin dutse? Amsa ga ɗan'uwa direban tipa daga Agege

"Salam Malam. Ni direban tipa ne a Agege, ina ɗauko dutse daga wajen Abeokuta ina kawo wa masu gini a Legas. Kwanaki mota ta lalace min kusa da Ewekoro, ina zaune ina jiran makanike sai na tsinci wani farin dutse a gefen hanya, da na juya shi sai naga katantanwa a jikinsa ta manne, ita ma ta zama dutse. Abokaina wasu sunce sassaƙawa akai, wasu sunce in yar da shi aikin aljanu ne. Don Allah ya akai ta shiga ciki? Kuma me yasa shekara da shekaru ina ɗaukar giranayit ban taɓa ganin irin wannan a cikinsa ba? Sannan me yasa Legas bata da dutsen kanta sai an ɗauko mata?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya ya kuma sa albarka a nema. Tambaya uku kayi, ya katantanwa ta shiga dutse, me yasa babu ita a giranayit, me yasa Legas ba dutse, amma gaskiya duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su, in ka gane yadda kowane dutse ya samu to ukun duka sun warware. Ni ilimin duwatsu na karanta, kuma abincina a Legas ɗin nan gwajin ƙasa ne kafin a kafa gini da kuma haƙar burtsatse, to abin da zan faɗa maka rabi daga karatu ne rabi daga abin da nake gani yana fitowa daga rami.

Kafin komai kar ka yar da dutsen nan. Ba sassaƙa bace kuma ba abin tsoro a jikinsa.

Hanyar da kake bi kullum

Ka tuna yadda ƙasa take canzawa in ka tashi daga Agege ka nufi Abeokuta. Ta wajen Sango Ota da Ifo jar ƙasa ce da yashi, ba dutse ko na jifa. Kana isa Ewekoro sai farin dutse da ƙurar siminti, kamfanin simintin wajen tun 1960 yake aiki kuma saboda wannan farin dutsen aka kafa shi a nan. Kana ƙara gaba kusa da Abeokuta sai manyan duwatsu su fara leƙowa, ga Olumo a tsakiyar gari, sunan garin ma da Yarbanci ma'anarsa ƙarƙashin dutse. To wannan tafiyar da kake yi kamar kana sauka ne cikin rami, duk da a saman titi kake. Yashin Legas shine na sama kuma shine ƙarami a shekaru, farin dutsen Ewekoro yana ƙarƙashinsa yana da wajen shekara miliyan 60, giranayit ɗin Abeokuta shine can ƙasa shine gindin komai yana da wajen shekara miliyan 600. Shimfiɗun sun ɗan karkata ne zuwa teku, shi yasa in kayi arewa na ƙasan suke fitowa fili ɗaya bayan ɗaya.

Giranayit, wanda ya taɓa zama ruwa

Gobe in an loda maka, ɗauki tsakuwa ɗaya ka jiƙa ta da ruwa ka kawo ta kusa da ido. Zakaga ba abu ɗaya bane, ƙwayoyi ne kala uku a cakuɗe. Akwai mai kama da fasasshen gilashi ruwan toka, sunansa kwaz. Akwai fari ko mai ɗan ja-ja, shine felsfa, shi yafi yawa. Sannan akwai baƙi mai ƙyalli wanda wani lokaci in kasa farce yana ɓarewa siriri siriri, shine maika. Ka lura babu wani siminti a tsakaninsu, kowanne ya kutsa cikin ɗan'uwansa sun kulle juna, wannan kullewar ita ce ƙarfin giranayit kuma ita tasa injiniyoyi suke son sa a kankare.

Dalilin haka shine dutsen nan a narke yake da farko. Duk kilomita ɗaya da ka nutsa cikin ƙasa zafi yana ƙaruwa da wajen digiri 25 zuwa 30, can ƙasa sosai a wasu wurare dutse yana narkewa ya zama kamar kunu mai kauri, shi ake ce wa magma, zafinsa daga digiri 700 har sama da 1000. In ya taso ya maƙale a hanya bai fito waje ba sai ya riƙa hucewa a hankali a hankali shekaru dubbai masu yawa, ƙwayoyin su samu lokacin girma. Masu sayar da man kaɗanya sun san wannan, in ka narka shi ka bar shi ya daskare da kansa a hankali sai yayi tsaki-tsaki, in ka sanyaya shi da sauri sai ya fito sumul. Haka dutse yake. Wanda ya huce a hankali a ƙarƙashin ƙasa shine giranayit mai manyan ƙwayoyi, wanda kuma ya fito waje ta bakin dutse mai aman wuta ya sha iska nan take shine baƙin dutsen nan basal wanda ba ka ganin ƙwayarsa da ido, duk wanda ya taɓa zuwa Biu a Borno ya taka shi, yankin cike yake da tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka mutu, akwai irinsu kuma a Filato.

To kaga amsar tambayarka ta biyu ta fito. Ba wata halitta da take rayuwa a kilomitoci ƙarƙashin ƙasa cikin narkakken dutse, kuma ko da katantanwa ta faɗa ciki ba abin da zai rage. Ko shekara hamsin zakayi kana ɗaukar giranayit ba zaka ganta ba.

Zaka iya cewa to in a ƙarƙashin ƙasa ya samu ya akai Olumo yake tsaye a sama? Ruwan sama da iska ne suka kankare abin da ya rufe shi tsawon zamani, mai taushi ya tafi mai tauri ya tsaya. Kufena a Zariya da Kwatarkwashi a Zamfara duk haka suka fito. Na Jos su ma giranayit ne amma ƙannai ne, mafi yawansu tsakanin shekara miliyan 150 da 200, kuma su suka zo da kuzar da aka daɗe ana haƙa a can.

Yashin Legas daga ina

Dutse duk taurinsa yana mutuwa. Rana ta gasa shi, dare ya sanyaya shi, ya tsage, ruwa ya shiga tsagar, saiwar bishiya ta bi. Felsfa ɗin nan shi yake fara ruɓewa ya koma yumɓu, shi kuwa kwaz taurin kai gare shi baya ruɓewa sai dai ya farfashe ya zama yashi. Kogin Ogun da sauran koguna su kwaso su gangaro da su har lagun ɗin Legas. Wato yashin da ake yasowa a wajen Ajah da Ikorodu da giranayit ɗin da kake ɗaukowa dangin juna ne, mai gini yana haɗa su a kwaɓi ɗaya bai sani ba.

Bari in baka abin da na gani da idona. Akwai wani aiki da mukayi ta wajen Lekki, muna haƙa muna ɗiban samfur duk bayan ƴan mitoci muna jerawa a kan leda. Na farko farin yashi ne garas garas. Muna ƙara nitsawa sai ga baƙar laka mai santsi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, na gutsuro na murza a tafin hannu sai ga zaren saiwoyi da guntayen ganye da ɓawon kawa ƙanana farare, in ka danna da yatsa suna murƙushewa. Wani yaro cikin masu aikin ya tambaye ni wa ya zuba shara a nan ƙasa haka, nace masa ba wanda ya zuba, nan wajen da can fadama ce ta bakin ruwa, yashi ne yazo daga baya ya binne ta. Ɗan'uwa wannan ɓawon da na murza da katantanwar da ke hannunka hanya ɗaya suke kai, nawa yanzu ya kama hanya naka ya riga ya isa.

Abin da ke faruwa shine shimfiɗa tana hawa kan shimfiɗa, nauyin na sama ya matse na ƙasa ya tatse ruwan ciki, sannan ruwan da ke ratsawa yana ɗauke da sinadarai da suke liƙe ƙwayoyin kamar yadda siminti yake kama bulo. Yashi ya zama dutsen yashi. Laka ta zama wani dutse mai ɓarewa falle-falle. Ɓawon halittun ruwa in ya taru da yawa ya zama farin dutsen da ake siminti da shi. Itatuwan fadama in suka binnu ba iska su zama kwal, irin wanda aka gano a wajen Inugu a 1909. Inda ruwa ya ƙafe kuma ya bar gishiri ko kanwa, kamar gishirin Bilma, shi ma cikin wannan gidan yake. Duk waɗannan su ake kira duwatsun shimfiɗa, kuma kusan duk wani burbushin halitta da aka taɓa samu a duniya a cikinsu aka same shi.

Batun Legas kuwa, da can Afirka da Kudancin Amurka a manne suke, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce suka rabu tekun Atilantika ya buɗe, har yau ma suna ƙara nisa da ƴan santimitoci duk shekara. Da suka rabu sai gefen namu ya lotsa ya zama wani ƙaton kwari tun daga kudu maso gabashin Gana ya bi ta Togo da Jamhuriyar Benin har wajen Okitipupa a Ondo, masana suna ce masa kwarin Dahomey. Tun lokacin yashi da laka suke cika shi. Legas a kan wannan cikon take zaune. Dutsen yana nan a ƙarƙashinta amma ta bakin teku akwai inda sai ka wuce kilomita biyu kafin ka taɓa shi, wa zai haƙa wannan don tsakuwa? Shi yasa ake nemanku, kuma shi yasa dogayen benaye a Ikoyi da Lekki sai an kafa musu turaku masu zurfi, wanda yaƙi yin gwajin ƙasa don tsimin kuɗi wallahi da rayukan mutane yake wasa, wannan abin yana ci min rai sosai a aikin nan.

Yadda katantanwar ta zama dutse

Wajen da motarka ta lalace, shekara miliyan 60 baya, teku ne marar zurfi mai ɗumi, cike da dodon koɗi na ruwa da kawa da kifaye. Dabbar ta mutu ta kwanta a ƙasa, naman ya ruɓe ko wasu su cinye, ɓawon ya rage. Yawanci a nan labarin yake ƙarewa don igiyar ruwa tana farfasa shi. Sai wanda Allah yasa laka ta rufe shi da wuri, iska bata kai gare shi, shine yake tsira. Abu biyu kenan ake buƙata, jiki mai tauri kamar ɓawo ko ƙashi ko haƙori, da binnewa da wuri. Shi yasa abin yake da wuya, akuyar da ta mutu a daji ungulu da rana sun gama da ita kafin wata ya zagayo.

Bayan an binne, hanya ba ɗaya bace. Ƙashi da itace suna da ƙananan ƙofofi, ruwa mai sinadari ya shiga ya cike su har abin yayi nauyi ya zama dutse amma siffarsa tana nan. Wani lokaci kuma ainihin ɓawon yana narkewa kaɗan kaɗan wani sinadari yana maye gurbinsa. Hanya ta uku ita nafi zato a naka, laka ta shiga cikin katantanwar ta cika ta ta daskare, daga baya ɓawon ya narke ya tafi, abin da ya rage shine cikon mai siffar cikinta, kamar yadda mai bugun bulo yake zare ƙarfen ya bar bulo a tsaye. In ka duba ka ga ɗan siririn fili tsakanin katantanwar da dutsen da ya kewaye ta, to wannan filin nan ne ɓawon yake a da. Akwai ma inda ba jikin dabbar ake samu ba sai sawunta ko ramin da ta haƙa.

Masu cewa sassaƙa ce, ka ce su duba ko akwai sawun ƙarfe. Kuma masu aikin fasa dutse a wajen suna fasa sabon dutse da ba wanda ya taɓa buɗe shi su tarar da irinta a tsakiya, har da haƙoran kifin shak. Masu batun aljanu kuma ka tuna musu cewa simintin da aka shafe ɗakinsu da shi daga irin wannan dutsen aka ƙona shi.

Kuma abin bai tsaya a ƙasar Yarbawa ba, a gida ma akwai. Farin dutsen Kalambaina da ake siminti da shi a Sakkwato kusan sa'an na Ewekoro ne, shi ma cike yake da ɓawon halittun teku, don a wancan zamanin ruwan teku ya ratso ta inda Sahara take yanzu ya kwanta a ƙasar Sakkwato. A yankin ne aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, wasu masana ƴan Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo. Ni duk lokacin da na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi, garin da muka sani da zafi da albasa ace dabbar teku tayi iyo a samansa. A Ashaka ta jihar Gombe ana samun wasu masu naɗi kamar gammo, sunansu amonayit, sun girmi naka don su sun ƙare tun shekara miliyan 66 baya tare da dainoso, wato manyan dabbobin nan na zamanin da. Ƴan'uwanmu na Nijar kuwa sun fi mu rabo, a Gadufawa cikin hamadar Tenere aka samu Nigersaurus, dainoso mai cin ciyawa mai haƙora sama da 500 wanda aka sa wa suna a 1999, da wani ƙaton kada Sarcosuchus, dukansu na wajen shekara miliyan 110.

Kashi na uku, wanda ya sake kama

Bayan irin su giranayit da duwatsun shimfiɗa, akwai dutsen da bai narke ba amma zafi da matsi sun canza shi yana a daskarensa, kamar yadda tukunyar yumɓu take shiga wuta ta fito wata aba daban. Farin dutse irin na Ewekoro in ya nutsa ya gasu shine yake zama mabul, irin na Igbeti a jihar Oyo, kuma a wajen gasuwar nan katantanwar take shafewa. Ka duba lodinka da kyau, wani lokaci zakaga tsakuwar tana da zane fari da baƙi a jere kamar an ja layi har yana lanƙwasa, wannan ba giranayit bane na asali, nais ake ce masa, matsi ne ya jera ƙwayoyinsa haka, amma a kasuwa duk giranayit ake kiransu kuma yana aikin kankare lafiya lau. Zinaren Anka da Maru da Birnin Gwari ma a cikin yankin irin waɗannan gasassun duwatsun yake.

Marmara kuma da muka sani a arewa, jar nan mai ƙofofi, ita ragowar dutse ce da ruwan sama ya wanke komai ya bar ƙarfe, shi yasa take ja, kuma irin wannan tamar ce maƙeran farko suka narka a wajen Dala.

Su waɗannan miliyoyin shekarun wa ya ƙirga

Nasan zaka tambaya. Na farko dai na ƙasa ya riga na sama kwanciya, wannan yana baka jeri amma baya baka lamba. Lambar tana zuwa ne daga wasu sinadarai kamar yuraniyom da suke rikiɗa su koma darma a kan wani ƙayyadadden sauri da aka auna, akwai wata ƴar ƙwaya a cikin giranayit mai suna zakon da take riƙe su, sai a auna nawa ya rikiɗa nawa ya saura. Shi farin dutse yawanci da irin halittun da ke cikinsa ake gane zamaninsa, a gwada da wasu wurare da aka riga aka auna. Awon kabon da mutane suka fi ji baya wuce wajen shekara 50,000, shi akai amfani da shi a kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987 aka samu wajen shekara 8,000, kuma ka lura shi har yanzu itace ne bai zama dutse ba. Kowane awo yana da ɗan ragi ko ƙari, shi yasa kake ji ina ta cewa wajen kaza. Abin da ya shafi fassarar nassi kuwa wannan fagen malaman addini ne, ni abin da awo ya nuna nake faɗa maka.

Abin da zakayi da naka

Daga bayani kawai ba zan iya yanke maka hukuncin ko wace iri bace, sai na riƙe ta a hannu ko naga hoto mai kyau. Amma kai ma zaka iya gwada dutsen. Ka karce bayansa da wuƙa, ba wajen katantanwar ba, in farin dutsen siminti ne zai karcu ya bada gari, giranayit kuwa ƙwayar kwaz ɗinsa bata jin wuƙa. Sai ka matsa lemon tsami a kan garin ka kawo ido kusa, zakaga ƴan kumfa suna tashi. Kar ka wanke katantanwar da ruwan batir ko omo, tsohon buroshin haƙori da ruwa ya isa, kuma kar kayi ƙoƙarin ɓanɓaro ta da ƙusa zata fashe.

Batun kuɗi gaskiya kar kasa rai, irinta suna da yawa a wajen, duk wanda yace maka zai kai ta waje a sayar da miliyoyi ka fara bashi wani abu to ka riƙe aljihunka. Darajarta tana wajen sanin inda ta fito, don haka ka rubuta a takarda daidai inda ka tsince ta da ranar ka haɗa su a leda ɗaya. Kuma don Allah kar son ƙarin wasu ya kai ka cikin ramin kamfani ba izini, ana tada nakiya a wajen kuma bangon ramin yana zubewa. In kana son wanda zai duba maka ido da ido, jami'ar Legas da ke Akoka tana da sashen ilimin ƙasa da duwatsu, ko kuma ka ɗauki hoto da rana ka ajiye murfin kwalba a gefenta don a gane girmanta, ɗaya ta sama ɗaya ta gefe, ka turo min.